Filin Tambayoyin Masu Karatu: Kafin Ka Biya Kuɗin Injin Mota na Hannu

Wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan da yawansu magana ɗaya suke yi: inji ya lalace, sabo ya fi ƙarfin aljihu, saura a nufi kasuwar kayan gyara a nemo na hannu. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma saki Naira kasuwa ta riƙa tsayar da darajarta a watan Yunin 2023, wanda a da zai sayar da mota ya sake wata, yanzu lallaɓa ta hannunsa yake yi. Mun zaɓi biyar daga cikin wasiƙun, mun taƙaita su.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da Toyota Corolla ƙirar 2005. Ta ɗauki zafi a hanyar Zariya, ban ankara ba sai da ta mutu, kuma da aka jawo ta gareji makanikina ya ce inji ya buga, gara in sayi na Baljiyam, wato na hannu da aka shigo da shi daga waje, a kasuwar Ƙofar Ruwa. Ban san komai a kan inji ba, kuma rance zan ci in saya. Ta yaya zan gane mai kyau?
Daga wani ma'aikacin gwamnati, Gwale

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya mayar da alheri. Kafin a yi maganar kasuwa, akwai tambayar da ya kamata makanikinka ya amsa maka: me ya sa motar ta ɗauki zafi tun farko? Da wuya zafi ya faro daga cikin inji. Yawanci lagireto ne ya toshe ko yake yoyo, ko murfinsa ya daina riƙe ƙarfin tururi, ko fanka ta daina juyawa, ko famfon ruwa ya gaji, ko wani tiyo ya tsage. Mafi yawan waɗannan a jikin motar suke, ba za su bi tsohon inji su fita ba, don haka idan aka ɗora wani injin a kansu yadda suke, abin da ya kashe na farko yana nan yana jiran na biyu, musamman a garin da zafi ke haura digiri 40 tsakanin Maris da Mayu. Ka sa kuɗin wannan gyara a cikin lissafin rancen tun yanzu.

Abu na gaba shi ne ka san ainihin injin da kake nema, domin cewa "injin Corolla" kawai ba ya wadatarwa. Idan motarka daga Amurka ta fito, injinta shi ne 1ZZ-FE mai lita 1.8, irin wanda ke cikin Toyota Matrix da Pontiac Vibe na waɗannan shekaru. Corolla ta Turai kuwa galibi tana ɗauke da 3ZZ-FE mai lita 1.6 ko 4ZZ-FE mai lita 1.4, kuma a ido kusan ba za ka bambance su da naka ba. Sunan kowane inji a buge yake a jikin bulok ɗinsa, wato gangar jikin injin, tare da lambarsa. A goge wurin ka karanta da idonka, kada ka dogara da murfin roba na sama, wanda ana iya cire shi a sa wani cikin minti ɗaya. Haka kuma ta Amurka ta 2003 da 2004 da waya totur ɗinta yake aiki, daga 2005 aka koma na lantarki, saboda haka makaniki ya duba tun a kasuwa ko za a buƙaci dawo da wasu kayan tsohon injinka a kan sabon.

Injinan da za a nuna maka ba asalinsu ɗaya ba, ko da an kira su duka Baljiyam. Akwai waɗanda aka shigo da su cikin kwantena daga Japan, Amurka ko Turai, wasu ta hanyar Dubai, aka sauke a Legas, suka biyo ta kasuwanni irin su Ladipo kafin su iso Kano. Akwai waɗanda aka cire daga motocin da suka yi haɗari a nan gida. Akwai kuma na uku, wanda shi ne abin gudu: injin da ya gama aiki a titunanmu, aka buɗe shi, aka yi masa kwaskwarima, aka wanke aka jera shi cikin na waje da farashin na waje. Na Japan sun yi suna ne saboda a can ana yi wa mota binciken dole bayan shekara uku da sayenta, sannan duk bayan shekara biyu, kuma tsadar wannan bincike kan sa mutane su rabu da mota tun ba ta yi tafiya mai yawa ba. Na Amurka sukan zo da tafiya mai nisa a jikinsu, kuma a riƙa tuna cewa motocin da ambaliya ta cinye a can, kamar a guguwar Katrina ta 2005 da Harvey ta 2017, su ma farfasa su ake yi a sayar da kayansu. Ni a ganina mutane suna raina injin motar haɗari fiye da kima. Motar da aka buga ta baya ko ta gefe, injinta yana cikin aiki lafiya har zuwa lokacin da tsautsayin ya auku, kuma idan gangar jikin tana nan a filin masu farfasa motoci, kana iya ganin adadin tafiyarta da yadda mai ita ya riƙe ta. Wannan shaida ce da injin kwantena ba ya zuwa da ita. Idan ta gaba aka buge ta, sai a duba kwanon baƙin mai da wuraren da ake ɗaure inji ko akwai tsagewa.

Da kun isa gaban injin, kada ƙyalli ya ɗauke maka hankali. Wanda ya zo da ƙurarsa da tsohon maiƙonsa ya fi faɗin gaskiya, domin a jikinsa za ka ga inda yake yoyo. Wanda aka wanke tas da fetur, balle wanda aka fesa wa fenti, an share maka wannan labarin. Ka dubi kawunan notika da ƙusoshin da ke riƙe da murfin sama da murfin gaba da kwanon ƙasa: idan gefensu ya cinye ko ya yi sabon ƙyalli, sifana ta taɓa su. Ka dubi gam ɗin da ke bakin kwanon baƙin mai. Na kamfani siriri ne, a miƙe, kauri ɗaya daga farko har ƙarshe, na hannu kuwa yakan yi tudu a wani wuri ya zubo a wani. Sai a buɗe murfin zuba baƙin mai a haska ciki da tocilan ɗin waya. Ƙarfe mai launin zinare ko ruwan ƙasa mai haske alama ce ta injin da aka riƙa yi wa juye a kan lokaci. Idan mai ya daskare ya yi baƙi ƙirin ya manne, an yi sakaci da shi. Idan kuwa ka ga fari-fari mai kumfa, ruwa ya haɗu da mai, ku wuce gaba ba tare da dogon ciniki ba.

Akwai wurin da masu kwaskwarima ba su cika tunawa da shi ba, wato hanyar ruwa. A leƙa bakin da tiyon lagireto ke shiga. A ƙasashen da ake sanyi ba a zuba wa mota ruwa zalla, sai ruwan sanyaya inji mai launi, don haka injin da ya fito daga can ramukansa sukan kasance a tsabtace, da ɗan sauran launin ja ko kore. Jar tsatsa da laka a wannan wuri na nuna an daɗe ana ɗura masa ruwan rijiya ko na leda, kuma kai ma ka san inda aka fi yin haka.

Daga nan sai a kwance filogi huɗun a jera su yadda suke. Ana son a gan su launi ɗaya, a bushe. Wanda ya jiƙe da baƙin mai yana nuna ringi ko bawul ya gaji a wannan silinda, wanda ya fi sauran haske sosai yana iya nufin ruwa na shiga yana wanke shi, tsatsa kuma tana nufin ruwa ya kwana a ciki. Sababbin filogi fil a tsohon inji su ma abin tambaya ne. A mayar da su, a sa sifana a gaban karanshaf a juya shi zagaye biyu cikakku. Ya kamata a ji ya yi tauri ya saki sau huɗu, kowanne daidai da ɗan'uwansa. Idan ya cije ya ƙi juyawa, ko ya juya sakwaf babu turjiya, ba naka ba ne. In da hali a cire kwanon ƙasa a gaban mai kaya a duba, domin burbushin ƙarfe mai ƙyalli a gindinsa yana nufin metal, wato ƙarafan da karanshaf ke juyawa a kansu, ya fara cinyewa, wato ciwon da ya kashe naka ke nan yana tafe.

Abin da ya fi duk waɗannan shi ne awon ƙarfin matsi na kowace silinda da agogon da aka yi domin haka. Ana iya yin sa tun injin yana ƙasa, da batir da kik, kuma abin da ake nema shi ne silinda huɗun su zo kusa da juna, bambancin mafi ƙarfi da mafi rauni kada ya wuce kamar kashi 10 cikin 100. Agogon ba shi da tsadar da za ta hana gareji mallakarsa, amma ƙalilan ne ke fita da shi kasuwa, saboda masu saye ba sa nema. Ka nema. Idan mai kaya zai tayar maka da injin a ƙasa, ka fara taɓa shi ka tabbata da sanyinsa, domin ƙara da hayaƙi a tashin farko suke fitowa, kuma injin da aka ɗumama kafin zuwanka ya riga ya ɓoye su.

Wata magana da ba a son faɗa: a al'adar kasuwa, makanikin da ya kawo mai saye yakan sami la'adarsa daga mai kaya. Wannan ba ya nufin makanikinka macuci ne, amma yana nufin zai iya karkata ga shagon da ya saba da shi. Ka biya shi ladan yininsa a fili tun kafin ku fita, ku zaga shago uku ko huɗu, kuma kuɗi su fita daga hannunka zuwa hannun mai kaya kai tsaye. Wanda ya tura kuɗi gareji ya ce a sayo masa, cinikin biri a sama ya yi.

Duk binciken da aka yi a ƙasa bai kai a ga injin yana jan motarka ba, shi ya sa sharaɗin ciniki ya fi komai muhimmanci a wannan harka. A rubuta a rasit sunan injin da lambarsa, da adadin kwanakin garanti, da cewa lissafin kwanakin zai fara ne daga ranar da aka tayar da shi a mota, da abin da za a yi idan ya gaza: musanya ko mayar da kuɗi, da wanda zai ɗauki nauyin saukewa da dako. Idan mai kaya ya yarda ka ba da kafin alƙalami ka cika bayan gwaji, ya fi. Masu kaya kan shafa fenti a kan notika domin su gane ko an buɗe injin bayan ya bar hannunsu, kuma suna da gaskiya, tunda su ma ana cutarsu, a cire kaya mai kyau a mayar musu da ruɓaɓɓe. Saboda haka duk buɗewar da za a yi, a yi ta a gabansu kafin a ɗauka.

Tun injin yana ƙasa a canza robobin da ke tare mai a gaba da bayan karanshaf, domin na baya ba a isa gare shi sai an raba inji da giya. A sa sabon famfon ruwa, sababbin filogi, sabuwar filta. Injin Corolla irin taka sarƙa yake da ita a tayimin, ba bel ba, don haka kada a caje ka kuɗin bel. Duk wani kayan shaƙar iska da za a ɗauko daga tsohon injin a wanke shi sosai, kada ɓaraguzan ƙarfe su biyo shi. A zuba man da littafin motar ya ce, wato 5W-30, da ruwan sanyaya inji na gaskiya. Kuma ina roƙonka kada ka bari a cire tamostat, wato bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwan inji, da sunan ƙasarmu akwai zafi. Cire shi ba ya maganin toshewar lagireto, illa dai ya sa inji ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba da safe, musamman lokacin hunturu, ya ƙara shan fetur. Cikin kwanakin garanti ka wahalar da motar da gangan: ka hau babban titi ka yi tafiya mai ɗan nisa, ka shiga cunkoson Sabon Gari da rana tsaka da na'urar sanyaya mota a kunne, idonka a kan allurar zafi, kuma kowace safiya ka duba mai da ruwa kafin ka tayar. Bayan kamar kilomita 1,000 a sake juye.

TAMBAYA: Motata Camry ce ƙirar 2008. Tana tafiya lafiya, ba ta ƙara, ba ta ɗaukar zafi, amma tana shan baƙin mai sai an riƙa ƙarawa. Wani makaniki ya ce in canza inji, wani ya ce a yi mata ringi. Wanne zan bi?
Daga wata malamar asibiti, Tarauni

AMSA: Hajiya, a yadda kika bayyana, ban ga dalilin gaggawar sayen inji ba. Camry mai silinda huɗu ta wannan shekara tana ɗauke da 2AZ-FE mai lita 2.4, kuma shan baƙin mai sanannen hali ne na wannan inji a ƙirar 2007 zuwa 2009, har kamfanin da kansa ya fitar da tsarin gyara a Amurka inda ake canza fistan da ringi. Ma'anar wannan a wurinki ita ce, injin da za a sayo miki a kasuwa ɗan gidansu ɗaya ne da naki, kuma yana iya zuwa da ciwo iri ɗaya, ciwon da ba ya bayyana cikin mako guda na garanti, domin sai an yi tafiya ake gane shi.

Ki fara da awo. A cika mai daidai alamar sama, ki rubuta lambar tafiyar motar, ki sake dubawa bayan kilomita 1,000, a wuri mai shimfiɗa kuma inji a huce. Ma'aunin da kamfanin ya yi amfani da shi wajen cewa shan ya wuce kima shi ne kusan lita ɗaya a kilomita 2,000. A kuma duba ƙasan motar ko yoyo ne ba sha ba, a duba ɗan bawul ɗin da ke kan murfin sama wanda inji ke fitar da tururin mai ta cikinsa, domin idan ya toshe ko ya saki yakan jawo irin wannan, kuma kuɗinsa kaɗan ne. Idan shan bai kai wancan ma'auni ba, ajiye galan ɗin baƙin mai a but da duba mai duk mako ya fi kowane gyara sauƙi, muddin ba za a manta ba.

Idan ya wuce, ni zan fi karkata ga gyaran naki, bisa sharaɗi biyu: a sami fistan da ringi da gaskit na asali, a kuma sami mai aikin da yake auna silinda da abin awo, yana ɗaure kan inji da sifana mai ma'auni, ba da ƙarfin damtse ba. Bulok ɗin wannan inji na alminiyam ne, kuma zaren ramukan da ƙusoshin kansa ke shiga yana iya zarewa idan aka yi masa ganganci. Mafi yawan labaran "an yi ringi bai yi ba" daga jabun kaya da rashin awo suke tasowa. Sayen wani inji yana zama dole ne idan bulok ya tsage, ko sandar fistan ta fasa shi ta fito, ko karanshaf ya cinye fiye da yadda za a iya gyarawa, kuma naki bai kai ko kusa da nan ba.

TAMBAYA: Ni direban Sharon ne, ina jigila tsakanin Kano da Haɗeja. Na sayi inji a wurin wani mai kaya, ya ce garanti mako ɗaya, da baki, babu rasit. Makaniki bai gama ɗorawa ba sai a kwana na shida. Da aka tayar sai hayaƙi. Na koma ya ce kwanaki sun ƙare. Ina da hakki, ko in kai shi wurin 'yan sanda?
Daga wani direba, Yankaba

AMSA: Malam direba, Allah ya kawo mafita. Ka fara tabbatar da cewa laifin na injin ne. Tsohon injin da ya lalace yakan bar mai ko ruwa a cikin salansa, wasu masu kaya kuma kan ɗiga mai a silinda don kada ta yi tsatsa a ajiye, kuma duka biyun suna hayaƙi a rana ta farko su daina. Haka idan an zuba baƙin mai ya wuce alama. Launin hayaƙin ma yana magana. Baƙi na nufin fetur ya yi yawa, kuma wannan galibi daga injekta ko sensa ne, waɗanda wataƙila na tsohon injinka ne aka mayar. Shuɗi wanda ya ƙi tsayawa bayan tafiya mai nisa mai ne ke ƙonewa. Fari mai kauri da ba ya yankewa bayan inji ya ɗumama, tare da raguwar ruwa a lagireto, yana nuna gaskit ɗin kan inji ya ƙone ko kan ya tsage. Na biyun nan na ƙarshe su ne hujjarka.

Idan haka ne, kada ka bari a kwance ko noti ɗaya, kuma ka daina lodi da motar. Ka ɗauki hoton bidiyo na hayaƙin da na lambar injin da fentin mai kaya, ka nemo shaidar tura kuɗi idan ta banki ka biya, ka tafi da makanikin da aka yi cinikin a gabansa. Ka fara da shugabannin ƙungiyar kasuwar, domin su ne suka san al'adar garanti a tsakaninsu, kuma ɗan kasuwa ya fi jin nauyinsu fiye da na kowa. Rashin rasit ya raunana ka, amma bai kashe maganarka ba. A fiƙihu, aibin da ke jikin kaya tun kafin ciniki, wanda mai saye bai gani ba kuma ba a faɗa masa ba, yana ba shi damar mayarwa, kuma malamai za su fayyace maka yadda hukuncin ya hau kan naka cinikin. Aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarni da kafa shaidu idan ana ciniki, kuma irin wannan rana ake gudu. Idan sulhu ya ƙi, akwai hukumar kare hakkin masu saye ta jiha, akwai kotu. Ofishin 'yan sanda ba wurin warware ciniki ba ne, doka ma ta hana a kama mutum a kan rikicin ciniki zalla, sai fa idan akwai zamba a fili, kamar a nuna maka wani inji a kai maka wani.

Makanikin da ya riƙe inji kwana shida alhali ya san garantin mako ɗaya ne, shi ma yana da kaso a cikin wannan asara, kuma ya dace a faɗa masa a zaman sulhun.

TAMBAYA: Motata Honda Accord ƙirar 2004 mai silinda shida ce, tana shan fetur. Tunda injin ya gaji, zan iya sa mata mai silinda huɗu?
Daga wani ɗan kasuwa, Fagge

AMSA: Alhaji, ana yi, amma ban ba ka shawara ba. Mai silinda shida da mai huɗu ba su haɗa giya ba, ba su haɗa kwamfutar mota da wayoyinta ba, haka mazaunin inji da salansa. Kusan rabin gaban mota za ka saya, sannan ka zauna da fitilar gargaɗi da ba ta mutuwa da giyar da ba ta shiga a kan lokaci, ranar sayarwa kuma dillalai su karya mata daraja. Ko dai ka sayar da ita yadda take ka nemi mai silinda huɗu ta asali, ko ka mayar mata da irin nata. Idan ka zaɓi na biyu, ka sani mai silinda shida na Honda bel yake da shi a tayimin, kuma idan ya tsinke fistan kan daki bawul, don haka a sa sabon bel da famfon ruwa kafin a ɗora, ko da wanda ya zo da shi yana da kyan gani.

TAMBAYA: Na canza inji wata uku da suka wuce. Wani ya ce mini takardun motata sun daina aiki. Gaskiya ne? Kuma tsohon injin yana nan a gareji, me zan yi da shi?
Daga wani ɗalibi, Kabuga

AMSA: Ɗan'uwa, takardunka ba su mutu ba, amma akwai gyara a cikinsu. Takardun mota suna ɗauke da lambar gangar jiki, mai haruffa da lambobi 17, da kuma lambar inji. Ta farko ba ta canzawa, ta biyu kuwa yanzu ta saɓa da abin da ke cikin motarka, kuma duk jami'in da ya buɗe gaban mota a hanya ya gwada zai iya tsayar da kai ya nemi bayani. Ka riƙe rasit ɗin sayen injin mai ɗauke da lambarsa da sunan shago a cikin motar, ka yi takardar rantsuwa a kotu cewa ka canza inji, sannan ka je ofishin lasin a shigar da sabuwar lambar, kada ka jira sai ranar sayar da motar. Idan ba a ba ka rasit ba, ka koma ka karɓa tun mai kaya bai manta da kai ba. Ka kuma duba lambar da kanka: idan an goge ta da injin gurza ƙarfe ko an sake buga wata a kanta, ka mayar da injin, domin karɓar kayan sata laifi ne a dokar ƙasa, kuma wanda aka samu da kaya a hannu shi ake fara tambaya.

Tsohon injin kuwa dukiyarka ce, ba ta gareji ba, sai idan kun yi yarjejeniya an rage maka kuɗin aiki a madadinsa. Ka sa a cire maka abubuwan da ke da sauran amfani, kamar kik, da altaneta, da kwayil, da injekta, da sensa, domin irinsu ɗaya da na injin da ke motarka kuma wata rana za ka neme su. Ragowar ka sayar wa 'yan gwangwan, waɗanda a kilo suke saye, kuma ka tuna alminiyam ya fi baƙin ƙarfe kuɗi, don haka a auna su daban. Ka rubuta lambar tsohon injin da ranar da ka sayar da shi ka ajiye tare da takardun motar, tunda har yanzu sunanka ne a kan wannan lamba.